Biyel Mai Wutsiya

Jama'a masu karatu, duk wanda ya san dariya ce ta kawo shi, to ya yi abarsa tun yanzu ya gama, don in na shiga labarin nan ba na son a katse ni. Abin da zan gaya muku da ni ya faru, ni ɗin nan mai riƙe da bik, alƙalamin rubutu, ba a rumfar mai shayi na tsinto shi ba, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa ko gishiri ba. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, aji uku na yi a lakol, malaminmu ya ce kaina ya cika babu wurin ƙari, ni kuwa na ɗauka yabo ne na kwashi takalmana na yi gida.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ko sha biyu, ina zaune a Belbeji, nan cikin Damargu, ina gyaran motocin mutane ina kuma jan tawa. Tawa ɗin wata katkat ce mai buɗaɗɗen baya, fara fat tun daga hanci har wutsiya, ku riƙe wannan da kyau, fara na ce. Sunanta Mai Haƙuri, don abin da na ɗora mata a duniya da jaki ne da ya kai ni ƙara wurin jandarma. Tumaki, gero, gishiri, matan biki da tukwanensu, duk ta ɗauka. Hannun ƙofarta na dama ya karye tun tuni, na ɗaure shi da waya na yi masa wani murɗi irin nawa, wanda in ba ka san sirrinsa ba sai ka kwana a ciki.

To akwai wata ɗabi'a tawa da ya kamata ku sani, in ba haka ba labarin ba zai shiga kanku ba. A cikin injin mota akwai wasu ƙarafa huɗu da muke kira biyel, kamar ƙashin hannu suke, su ne ke tura fistan sama su jawo shi ƙasa. Kowanne da gurbinsa, kowanne da murfinsa, in ka haɗa murfin wannan da jikin wancan ka kashe inji. Masu ilimi lamba suke rubutawa. Ni kuwa da lamba ba mu cika shiri ba, don haka ƙusa nake ɗorawa in buga da guduma, na ɗaya ɗigo ɗaya, na biyu ɗigo biyu, a gefe kuma in yi ƙafar kaza, shaidata ke nan, kamar yadda Buzu ke yi wa raƙuminsa. Ranar da na fara buɗe injin Mai Haƙuri, ina kan buga ɗigo na uku a biyel na uku, sai ƙusar ta zame ta ja wani layi kamar wutsiyar ɓera, gudumar kuma ta sauka kan babban yatsana na hagu. Farcen ya tsage biyu, har yau da nake rubutun nan a tsage yake fitowa.

Yanzu ga Arɗo Manu. Bafulatani ne, abokina tun muna da baƙin gashi, ni kuma jinin Barebari ne, kun san abin da ke tsakaninmu da su, kowa na cewa shi ne ubangijin wani. Rugarsa na can arewa da kwarin Tarka, tafiyar rabin yini a mota. A ƙarshen bazarar shekarar nan, lokacin da saniya in ta kwanta sai an kama wutsiya an ɗaga ta, sai ga Arɗo a ƙofar garejina, idonsa ja, ko sallama bai ƙarasa ba.

Na ce, "Bawana, me ya kore ka daga daji? Ko nono ya ƙare ka zo roƙon tuwo wurin ubangijinka?"

Bai rama ba. Nan na san ba lafiya, don Arɗo ko a makabarta sai ya rama.

Ya ce, "Rijiya ta rufta, Babarbare. Jiya da azahar. Masu haƙa sun ce sai mako guda. Rijiyar da ke kusa kwana biyu ce a ƙafar saniya, nawa kuwa ko yini ɗaya ba za su iya ba."

Lokacin kuwa duk wata motar kirki a yankinmu ta yi arewa wurin haƙar zinariya, ba a bar mana komai ba sai amalanke da Mai Haƙuri. Na ce masa ya share hawayensa, ubangijinsa na raye. Muka jera tano-tano, wato manyan durom na ƙarfe, a bayanta, muka cika su da ruwa a famfon gari, muka kai ruga. Arɗo ya auna da ido ya ce in aka ba maruƙa da masu shayarwa kaɗai, sauran aka jiƙa musu baki, zai kai kwana uku. Na bugi ƙirji na ce kwana uku me, gobe ma ina nan tafe da wani.

A hanyar komowa, ni da Arɗo, na hau wani dutse da ya ɓuya cikin yashi, sai na ji ƙwas a ƙasa. Na leƙa, karte ya tsage, wato kaskon da ke riƙe man inji, mai na ɗiga. To a nan ne na yi gwanintar da har gobe in na tuna sai na ja tsaki. Na fito da sabulu na tauna shi da ƙaro, na liƙe tsagar, na ce wa Arɗo wannan ilimi ne da ko a Faransa ba a koyar da shi. Sabulu fa tankin man fetur yake riƙewa, ba karte mai zafi ba, na san haka sarai, amma ina son Bafulatani ya ga aiki. Muna hango bishiyoyin gari sai inji ya fara ƙwanƙwasa kamar maƙeri ya samu kwantiragi, kafin in kashe sai ƙau! ta tsaya. Shanun amalanke biyu suka jawo mu cikin gari, ni ina riƙe da sitiyari, mutanen kasuwa na tafi.

Arɗo ya leƙo ta taga ya ce, "Yau dai shanu sun ja Babarbare. A Faransa ma haka ake yi?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Na sauke inji a yammacin nan. Allah ya taimake ni gangar injin ba ta fashe ba, sandar da biyel ke kamawa kuma ta ɗan karce ne kawai, abin da zan goge da takarda mai laushi da igiyar fata. Amma biyel na uku, mai wutsiyar nan, ya lanƙwashe kamar lauje, bakinsa ya ƙone ya yi shuɗi, murfinsa ya tsage, kusine ɗinsa kuma, wato ɓawon ƙarfen da ke shimfiɗe cikin bakin, ya narke kamar alewa. Na jefa shi cikin kwanon gazuwal, wato man dizal, na rufe da buhu. Na ɗauki zare na auna tsawon ɗan'uwansa lafiyayye da faɗin bakinsa na ƙulla, don ni zare ne ma'aunina, na ce wa Arɗo ya zauna ya yi gadin kwanon nan, ni na yi Tanut.

Da asuba na hau babur. Kai, jama'a, neman kayan cikin inji ba neman taya ba ne! Taya kowa na da ita. Amma ka ce biyel, sai a dube ka kamar ka ce a sayar maka da haƙarƙarin mutum. Na fara da wani Alhaji mai kayan mota a bakin tasha, ya sa aka zazzage mini buhu uku a ƙasa, na tsuguna ina gwada zarena ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi tsawo da ƙwayar gero biyu, wancan bakinsa ya yi faɗi, wani kuma na injin ban ruwa ne ma.

Alhaji ya ce, "Malam, ɗauki wannan mana, ai kusan ɗaya ne."

Na ce, "Alhaji, kai da ƙanenka ma kusan ɗaya ne, amma hularsa ba ta shiga kanka."

Na bi garejin garin kaf, na shiga inda ake yanka matattun motoci, na kwanta ƙarƙashin gawa ta fi goma, duk an riga an kwashe hanjinsu. Aka ɗauki hoton zarena da waya aka tura Damagaram, abin dariya, can suka ce akwai amma sai an aiko daga Kano, mako guda. Mako guda! Na kwana a Tanut, da safe na sake zagayawa ko Allah zai sa wani ya tuna da wani buhu a ƙarƙashin gado, babu. Kwana biyu sun tafi cikin ukun Arɗo. Na hau babur hannu wofi, kuma don kunyar haɗuwa da masu tambaya a hanyar Gangara, sai na yanke ta daji na faɗa kwarin Tarka, ta inda hanyar rugar Arɗo ke ratsawa.

Rana na tsaka, irin wadda ko ƙadangare ba ya fitowa. Sai na hango wata aduwa mai rassa biyu kamar mutum ya ɗaga hannu, na san ta, kwana biyu da suka wuce ma na wuce ta gabanta da ruwa. Amma yau akwai mutum a gindinta, ya naɗe fuskarsa da rawani sai ido, yana ɗora shayi. Na ce bari in sha inuwa. Na yi sallama ya amsa, muryarsa ta tsoho ce, kuma wallahi na san muryar amma na rasa inda na san ta.

Ya ce, "A'a, gwanin Belbeji ne da kansa? Mai ilimin da ba a koyarwa a Faransa?"

Na ji kunya ta rufe ni, na ce a raina lallai labarin sabulu ya riga ni zuwa daji. Na ce, "Baba, in zagi ne a bari in sha ruwa tukuna."

Ya yi wata dariya ƙasa-ƙasa ya miƙo mini kofi. Ya ce, "Na uku ne ko?"

Na ce, "Na uku me?"

Ya ce, "Biyel mana. Tashi ka zaga bayan tudun nan, ka daina ɓata wa shanun mutane lokaci."

Na zaga. Jama'a! Wayyo daɗi! Katkat ce kwance, irin tawa sak, samfurinsu ɗaya. Ta tsufa iyakar tsufa, babu taya ko ɗaya, an ɗora ta kan duwatsu yashi ya cinye su, fentinta ya koɗe, tumfafiya ta tsiro ta cikin bayanta har ta yi ƴaƴa. Ƙofarta ta hagu, ta wajen direba, shuɗiya ce, ba irin jikin ba. Abin da ya kamata in tambayi kaina shi ne, shekaranjiya da na wuce nan ina motar nan take? Amma mai neman biyel ba ya tambaya. Na ɗaga murfin gaba, sai ga inji cikakke, ba wanda ya taɓa shi. Na yi kabbara, na yi wata rawa a cikin yashi wadda in da matata ta gani da ta koma gidansu.

Tsohon ya biyo ni yana jan ƙafa. Ya ce, "Rawar ta isa, kile nawa ka zo da su?"

Na kwance jakar kayan aikina daga babur, na zube kile-kilen, wato sifanonin kwance inji. Ƙarƙashin motar an riga an yi rami daidai kwanciyar mutum, kamar an san ina zuwa. Na fara da sama na cire kan injin, sannan na shige ƙasa. Motar da ta yi shekaru a rana ya kamata bulon ɗinta, ƙusoshin ɗaurin inji, su kafe sai an sa wuta, amma waɗannan ina taɓawa suna juyawa kamar jiya aka shafa musu man shanu. Ina kwance ina aiki ina surutu, shi kuma yana tsugune yana miƙo mini kile, kuma kafin in ce sha huɗu ya miƙo sha huɗu, kafin in ce sha bakwai tana hannuna. A wata miƙowa na ga babban yatsansa na hagu, farcen a tsage biyu. Na ce, "Baba, ashe kai ma ɗan sana'a ne, guduma ta gaishe ka." Ya ce, "Ta gaishe ni, kuma wauta ce ta jawo, irin taka."

Da na fito shan iska na lura da hannun ƙofar dama, an ɗaure shi da waya, an yi masa murɗi. Na sa yatsa na taɓa ta yadda nake taɓa tawa, sai ƙofa ta buɗe. Na yi dariya na ce ashe akwai wani mai basira irina a ƙasar nan. Kun ji fa. Aji uku.

Kafin la'asar biyel na uku na hannuna, da murfinsa da kusine ɗinsa, baƙi ƙirin da tsohon mai. Na gwada zare, ƙulli ya faɗa kan ƙulli, ko gashi bai ratsa ba. Na naɗe shi cikin rigata kamar jariri. Na fito da ƙullin sukari da ganyen shayi da goro biyu na ajiye gaban tsohon, ya ture su da bayan hannu.

Ya ce, "Riƙe abinka, za ka buƙace su. Je ka kai wa bawanka ruwa. Amma gobe in ka zo wucewa, kada ka tsaya gaishe ni."

Na ce, "Haba Baba, mutum ya yi mini wannan alheri in wuce shi kamar kututture?"

Ya ɗago ido ya dube ni, kuma a nan dariyar ta bar muryarsa. Ya ce, "Na ce kada ka tsaya. Ko motarka ta roƙe ka ta tsaya, kada ka bar ta."

Na iso Belbeji rana na shirin faɗuwa, ina ta danna oda tun daga bakin gari. Arɗo na zaune inda na bar shi, ya rame a kwana biyu kamar shi ne saniyar. Na ɗaga biyel sama na ce, "Durƙusa ka gaida ubangijinka!" Wallahi sai da ya kusa durƙusawa. Na zuba gazuwal a wani kwano na hau wankewa da burushi ina ba shi labari, baƙin mai na fita, ƙarfe na haske, sai burushin ya tsaya a hannuna.

Ɗigo uku. Ƙafar kaza a gefe. A jikin ɗigo na uku kuma ga wutsiyar ɓera.

Na ce, "Arɗo, ka taɓa kwanon nan?"

Ya ce, "Ni da ko fitsari a guje nake zuwa in dawo?"

Na yaye buhu na sa hannu, ga tsohon biyel ɗina nan a lanƙwashe, bakinsa shuɗi. Na jera su a kan tabarma. Ɗigo kan ɗigo, ƙafar kaza kan ƙafar kaza, wutsiyar nan ta karkata hagu a nan ta karkata hagu a can, har ɗan tsallen da ƙusar ta yi a tsakiya yana nan a duka biyun. Shaidata ce, hannuna ne, kuma ni na san sau ɗaya tak guduma ta fasa mini yatsa a duniya. Na dubi yatsan. Na tuna wanda ya miƙo mini kile. Na tuna wayar ƙofa. Sai na ji tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dugadugi, a cikin zafin bazara.

Arɗo ya matsa baya ya ce, "Babarbare, wannan ba kayan mutane ba ne. Mayar musu da abinsu."

Na ce, "In mayar, shanunka su sha me? Labari?"

Ya dubi arewa, ya dubi ƙarfen, ya ce, "To yi bisimilla ka sa."

Washegari da hantsi, kwana na uku, na gama ɗaurawa, karte kuma na kai an yi masa walda ta gaskiya, ba ta sabulu ba. Na murɗa makulli. Tari ɗaya ta yi ta kama, kuma wata murya ta fito daga injin nan mai santsi wadda ban taɓa jin Mai Haƙuri ta yi ba ko tana budurwa. Mutanen kasuwar da suka yi mini tafin tsiya suka sake yin wani tafin. Muka cika tano-tano muka ɗauki hanya, ina waƙa, Arɗo na cewa in rufe baki in tuƙa.

Sai da muka gangara kwarin Tarka waƙar ta mutu. Arɗo ya ce ko za mu zaga ta yamma. Na ce zagayen nan zai cinye mana yinin, ruwan rugarsa kuwa tun jiya ya san ya kai gindin tano. Hanya ɗaya ce, ta gaban aduwa.

Muka hango ta, hannuwanta biyu a sama. Babu tsoho. Babu tokar shayi. Muka zo daidai inda ake ganin bayan tudu, na saci kallo, wallahi babu mota, babu ramin da na kwanta, babu tumfafiya, yashi ne sumul ko sawun babur ɗina babu. Kuma a daidai nan Mai Haƙuri ta yi tari. Ta sake yi. Ƙarfinta ya fara zubewa, sitiyari ya fara ja hagu, wajen bayan tudun, kamar jakin da ya hango gidansu. Na riƙe da hannu biyu ina ja dama, na sauke giya, na taka har ƙafata ta taɓa ƙarfe.

Arɗo ya ce, "Tsaya ka duba mana!"

Na ce, "Ba na tsayawa! An ce ko ta roƙa!"

Tana tafiya kamar mai rarrafe, ruwa na tangaɗi a baya, taya na haƙa yashi, ni ina ihu ina lallashinta, haba Mai Haƙuri, haba uwata, ba yau ba, shanu na jira, ba yau ba! Arɗo ya bar Hausa ya koma Fulatanci, addu'a yake ko zagina yake ban sani ba, ya buɗe ƙofa, don ya san sirrin wayar, zai dira ya tura na finciko rigarsa. Inuwar aduwar ta hau kan gilashi, ta bi ta kanmu a hankali, a hankali, na rantse muku na ji inji ya mutu ɗif na bugun zuciya ɗaya, sannan inuwar ta sauka ta baya, sai ta yi wata kururuwa ta zabura kamar an tsikare ta. Ban waiwaya ba. Arɗo ya waiwaya, kuma har Allah ya karɓi ransa bai gaya mini ko ya ga wani abu ba, in na tambaya sai ya ce wuyansa ne ya yi ciwo.

Mun isa ruga bayan azahar. Tun ba mu tsaya ba shanun suka ji ƙamshin ruwa, waɗanda ke kwance suka fara yunƙuri da kansu, mata na guɗa, ana jawo kwamin sha. Na tsaya ina kallon wata jar saniya da aka riga aka wasa mata wuƙa, ta sa baki a ruwa ba ta ɗago ba sai da cikinta ya yi ganga. Maraƙi biyu suka mutu kafin mu zo, sauran duka suka tashi. Arɗo ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, "Yau ɗaya dai, Babarbare, na yarda kai ne ubangijin. Gobe mu koma yadda muke." Na ci gaba da jigila har aka gyara rijiya, amma ta yamma nake zagawa, ko da zai cinye yinin. Ban sake bin gaban aduwar nan ba har yau.

Na tambayi malamai, kowa da abin da ya ce. Na tambayi wani malamin lakol, na ce biyel ɗin da ke cikin motata a waccan na ciro shi, in kuwa waccan tawa ce, to wanda ke cikinta shi ne wannan, to wa ya ƙera shi tun farko? Ya dube ni ya ce in rage shan shayi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce zafin rana ne. To bara waccan, babban ɗana Sani, wanda yanzu shi ke jan ta, wani raƙumi ya yi masa tutsu a kasuwa ya lotsa ƙofar direba. Ya je Damagaram ya samo wata. Ina zaune a ƙofar gida ya shigo da mota yana murna, ya ce, "Baba, ka ga na samu daidai ita, launin ne kawai ya bambanta." Shuɗiya. Na ce ya yi mata farin fenti a ranar. Ya yi. Rana ta ɓare shi. Ya sake yi, ya sake ɓarewa.

Sai na ce to ni ma ai ba yaro ba ne, motar da ba ta tafiya ba za ta je kwarin Tarka ba. Na karɓe makulli, na sa aka tura ta bayan gida, na cire tayoyin nan huɗu da hannuna na kulle a ɗaki, na ɗora ta kan duwatsu. Na ja da baya ina share zufa da bakin rawanina, don tun da likita ya ce rana na taɓa mini ido nake naɗa rawani, ina jin daɗin dabarata, sai na dube ta da kyau. Babu taya. Kan duwatsu. Ƙofa shuɗiya. Na zauna a ƙasa.

Tana nan bayan gida har yanzu, kullum da safe sai na leƙa na tabbatar. Satin da ya wuce na tsige wani ɗan tsiro a bayanta, Sani ya ce ciyawa ce, ni kuwa na san ganyen tumfafiya.

Don haka shawarata gare ku, musamman ƴan sana'a: sabulu na wanka ne, ku bar shi a bayi. Duk ƙarfen da kuka ciro ku yi masa shaidarku, don ku gane shi in ya dawo. In kuma kun ga matacciyar mota a daji ta yi kama da taku, kafin ku shige ƙarƙashinta kuna rawa, ku zaga ku dubi ƙofofinta, ku kuma dubi hannun wanda ke miƙo muku kile. Ni dai sukarin nan da ganyen shayi da ya ce in riƙe zan buƙata, suna nan cikin jakar kayan aikina, ban taɓa su ba.